DARASI NA SHIDA: TATSAR NONO DA KIYAYE RUWANSA A LOKACIN RENO

6.1 Gabatarwa

A darussan da suka gabata an yi bayani a kan al'adun Hausawa da suka shafi haihuwa da suna da wankan jego. An ga yadda al'ada ta keɓe mai jego har kwana arba'in, ta ɗauke mata aikin gida, ta bar ta tare da jaririnta dare da rana. A irin wannan zama, duk sa'ad da yaro ya motsa uwa tana kusa, nono kuma ba ya daɗewa a cike. Zamani ya zo da wani hali dabam. A yau akwai ɗaliba mai goyo da ke zaune a lacca tun daga safe har azahar. Akwai malamar firamare da hutun haihuwarta ya ƙare alhali jaririnta bai cika wata huɗu ba. Akwai kuma uwar bakwainin da aka kwantar a asibiti, wanda bai yi ƙarfin kama nono ba tukuna. Dukkansu buƙatarsu ɗaya ce, wato su tatsi nono a ba jariri a bayan idonsu, ba tare da ruwan ya ja baya ko ya ƙafe ba.

Tun a shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa ba koko, daga nan a haɗa masa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya ya nuna cewa a Nijeriya kashi 17 cikin ɗari ne na jariran da ba su kai wata 6 ba suke samun nono zalla a 2013, adadin ya kai kashi 29 a 2018. Daga cikin dalilan da iyaye mata suka fi kawowa akwai komawa aiki ko makaranta, da kuma cewa nonon ba ya isar yaro. Wannan darasi zai nuna cewa dalilan nan biyu sau da yawa abu guda ne, na farkon ke haifar da na biyun. Malamin da zai koyar da al'adun reno, kuma iyayen yara za su riƙa tuntuɓarsa a ƙauyen da aka tura shi, ya kamata ya fahimci yadda hakan ke faruwa.

6.2 Yadda Jiki ke Samar da Ruwan Nono

A cikin nono akwai ƙananan jakunkuna masu ɗimbin yawa, cure-cure kamar 'ya'yan inabi, kuma a cikinsu ne ake haɗa ruwan nono daga abin da jini ya kawo. Daga jakunkunan akwai siraran magudanai da suka nufi kan nono. Sinadarai biyu ne ke tafiyar da aikin, dukkansu kuwa suna fitowa ne daga wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. Na farko shi ne furolaktin, mai sa jakunkunan su haɗa nono. Yakan ƙaru a jini duk lokacin da aka tsotsa ko aka tatsa, kuma ya fi yawa da dare. Na biyu shi ne oksitosin, mai matse jakunkunan su sako abin da suka tara. Shi ne sanadin tsirgawar da uwa kan ji a ƙirjinta idan ta ji kukan ɗanta, har nono ya jiƙa mata riga.

Makiyaya sun daɗe da sanin aikin wannan sinadari na biyu, ko da ba su san sunansa ba. Bafulatani ba ya fara tatsar saniya sai ya kwance maraƙi daga dangwali, ya bar shi ya ɗan tsotsa, saniyar ta sako nono, sa'an nan ya janye shi ya sa ƙwarya. Ya kuma san cewa saniyar da aka firgita takan riƙe nononta. Haka abin yake ga ɗan Adam: tsoro da kunya da zafin ciwo da gaggawa suna jinkirta sakowar nono, natsuwa da tunanin jariri suna gaggauta ta.

A kwanakin farko bayan haihuwa abin da ke fitowa shi ne dakashi, mai kauri, ruwan ɗorawa, ɗan kaɗan. A wasu yankunan ƙasar Hausa akan ɗauke shi ƙazanta a matse a zubar, a wasu wuraren ma akan gwada nonon ta hanyar jefa tururuwa a ciki kafin a yarda jariri ya sha. Wannan asara ce babba, domin dakashi shi ne rigakafin farko da jariri ke samu. Faɗuwar mabiyiya ce ke buɗe wa nono hanya, shi ya sa tsakanin kwana na 2 da na 4 mai jego kan ji nononta ya ciko, ko ta shayar ko ba ta shayar ba. To amma daga nan sai doka ta sauya, kuma a nan ne ginshiƙin darasin yake. Bayan waɗannan kwanaki, yawan nonon da jiki zai samar ya dogara ne a kan yawan wanda aka cire. Idan nono ya cika aka bar shi a cike, jakunkunan kan rage aiki. Idan aka kwashe shi, sai su ƙara himma. Kowane ɓangare kuma lissafinsa dabam ne, abin da ya sa yaron da ya fi son nonon dama kan bar na hagu ya tsuke.

Ke nan kuskure ne a ɗauki nono kamar randa wadda ake tattalin abin da ke cikinta. Ya fi kama da rijiya mai idon ruwa, wadda ɗiba ke sa ta ɓuɓɓugo. Uwar da ta ƙi tatsa da safe wai don ta tara wa yaro na yamma, saƙon da ta aika wa jikinta shi ne an rage buƙata. Idan ta maimaita haka kwanaki kaɗan a jere, jikin zai amsa saƙon.

Wani bincike da aka wallafa a 1993 daga Jami'ar Yammacin Ostireliya ya gano cewa mata sun bambanta ƙwarai wajen yawan nonon da ƙirjinsu ke iya riƙewa a lokaci guda, daga kimanin mililita 80 har zuwa 600. Wannan bambanci bai hana mai ƙaramin ma'aji samar da abin da zai ishi ɗanta a yini ba, sai dai tana buƙatar kwashewa a kai a kai fiye da 'yar'uwarta. Don haka ɗalibar da ta ga ƙawarta ta cika kofi a zama ɗaya, ita kuwa ko rabi ba ta samu ba, ba ta da dalilin yanke ƙauna.

6.3 Sau Nawa za a Tatsa?

Ƙa'idar ita ce tatsa ta maye gurbin kowane shan da jariri ya rasa. Sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a cikin sa'o'i 24. Saboda haka uwar da jaririnta ba ya kama nono ko kaɗan, kamar uwar bakwaini, za ta tatsa aƙalla sau 8, ciki har da sau ɗaya cikin dare, kada kuma ta bar tazarar da ta wuce sa'o'i 5 ko 6. Ana so ta fara cikin sa'o'i 6 na farko bayan haihuwa, in da hali tun a sa'a ta farko, ko da ɗigo biyu ko uku kawai za ta samu. Makonni biyun farko su ne masu tsada, domin a cikinsu ne jiki ke auna yawan abin da za a riƙa nema daga gare shi. Abin da aka yi sake da shi a lokacin yana da wuyar ramawa daga baya.

Tun a 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF suka ƙaddamar da shirin asibitoci masu ƙaunar jarirai, kuma ɗaya daga cikin matakansa goma na asali shi ne a nuna wa uwa yadda za ta kiyaye ruwan nononta ko da an raba ta da jaririnta. Haƙƙinta ne ta nemi ma'aikaciyar jinya ta koya mata kafin a sallame ta. Rungume jariri a ƙirji, fata na taɓa fata, kamar yadda aka fara yi wa bakwaini a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, yana ɗumama yaro, yana kuma taimaka wa nono ya sako.

6.4 Yadda ake Tatsa

Tatsa da hannu ba ta buƙatar kuɗi ko wutar lantarki, ita ce kuma ta fi dacewa da dakashi, wanda kan maƙale a jikin na'ura saboda ƙarancinsa. Uwa za ta wanke hannuwanta da sabulu. Za ta tanadi kofi mai faɗin baki da murfi, wanda aka wanke, aka zuba masa tafasasshen ruwa na 'yan mintoci, aka zubar. Sai ta zauna ta natsu, ta shafa nonon a hankali daga sama zuwa ƙasa, ko ta ɗora tsumma mai ɗumi. Daga nan ta ɗora babban yatsa a saman baƙin da ya kewaye kan nono, manuniya kuma a ƙasansa, suna fuskantar juna. Ta danna su baya zuwa ƙirji, sa'an nan ta matse, ta saki, ta matse, ta saki. Ba a jan kan nono, ba a kuma goga yatsu a kan fata, domin hakan ciwo yake jawowa, ba nono ba. Idan ɗigar ta ragu sai ta sauya wa yatsun wuri har ta zagaye nonon. Bayan minti 3 zuwa 5 ta koma ɗaya ɓangaren, ta sake dawowa, har jimillar lokacin ta kai minti 20 zuwa 30.

Mai amfani da na'urar tatsa, ta hannu ko ta lantarki, ta tabbatar bakin na'urar ya yi daidai da kan nononta, kada kuma ta ƙure ƙarfin zuƙa, domin zafi yana hana sakowa. Kada ta sakar wa na'ura aikin duka. Likita Jane Morton da abokan aikinta na Jami'ar Stanford ta Amurka sun wallafa bincike a 2009 a kan iyayen bakwaini, inda suka ga cewa waɗanda aka koya wa matsa nono da hannu yayin da na'ura ke aiki sun sami ƙarin kimanin kashi 48 cikin ɗari.

6.5 Abinci da Maganin Gargajiya

Bahaushe ya yi imani da cewa kunun kanwa da gasasshen nama mai yaji da romon kauri suna kawo ruwan nono. Ciyar da mai jego da kyau al'ada ce abar yabo, domin mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci, kuma ƙarfin jikinta ne ke zaizayewa idan ba ta samu ba. Amma abinci shi kaɗai ba ya ƙara yawan nono. A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, masu bincike sun riƙa ba mata masu shayarwa ƙarin abinci mai gina jiki, sakamakon da aka wallafa a 1983 kuma ya nuna yawan nononsu bai ƙaru ba. Haka nan ɗirkar ruwa fiye da ƙishirwa ba ya ƙara komai, abin da ake so kawai kada uwa ta zauna da ƙishi. Ita kuwa kanwa, likitoci suna gargaɗi a kan yawanta, saboda gishirin da ke cikinta yana sa jiki riƙe ruwa, abin da ke ɗora wa zuciyar mai jego nauyi. Matar da ta sha tulun kunu amma ta wuni ba ta tatsa ba, nononta zai ragu. Wadda ta ci tuwonta na kullum ta tatsa a kan kari, nata zai tsaya.

Akwai kuma zaton cewa nonon da ya wuni a ƙirji, ko wanda uwa ta sha rana da shi, ya lalace, sai an zubar kafin a ba yaro. Nono ba ya tsami a jikin uwa.

6.6 Ajiya da Bayarwa

Nonon da aka tatsa yana iya zama a rufe har sa'o'i 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 a ma'aunin Salshiyos ba. A cikin firji yana kai kwana 4, a ɓangaren ƙanƙara kuwa wata 6. Waɗannan alƙaluma sai a karanta su da lura, domin a Kano ko Sakkwato ko Zinder zafin bazara kan haura digiri 40, firjin da wuta ke ɗaukewa kuma ba firji ba ne. Mafita mai sauƙi ita ce ƙaramar kula da ƙanƙara, wadda ke iya riƙe nono har sa'o'i 24. Inda babu ƙanƙara, a sa kofin a gindin randa a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, a kuma yi amfani da shi da wuri. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa har ya sami lambar yabo ta duniya a 2000, tana rage zafi, amma ba ta kai sanyin firji, don haka ba ta ba da damar kwana da nono. Idan an ajiye nono, maiƙonsa kan taso sama. Wannan ba lalacewa ba ce, a kaɗa shi a hankali. Ba a tafasa shi a kan wuta, kofin ake tsomawa cikin ruwan ɗumi. Abin da yaro ya rage, idan ya wuce sa'o'i 2, a zubar.

An fi son a ba ƙaramin jariri da ɗan kofi maimakon bulumboti, saboda bulumboti yana da wuyar wankewa, yana kuma jawo gudawa inda ruwa mai tsabta ya yi ƙaranci. Mai reno za ta zaunar da yaro a cinyarta, kansa a sama, ta jingina bakin kofin a leɓensa na ƙasa, ta karkata shi har nonon ya taɓa leɓen, ta bar shi ya sha da kansa. Ba ɗura ake yi ba.

A ɗakin kwanan ɗalibai ko gidan reno, inda mata da yawa ke ajiya a kula ɗaya, wajibi ne kowace ta rubuta sunanta da lokacin tatsa a jikin kofinta. Ban da kariya daga cuta, akwai hukuncin shari'a. A mazhabar Malikiyya, nonon mace idan ya isa cikin jaririn da bai wuce shekarun shayarwa ba, ko ta kofi ne, ko kaɗan ne, yana ƙulla 'yan'uwantakar shayarwa wadda ke haramta aure. Musayar kofi da ba a lura da ita ba tana iya zama magana bayan shekara ashirin.

6.7 Misali daga Koyarwar Gwaji

A ɗauka ga ɗaliba mai jaririn wata 3, an tura ta koyarwar gwaji, tana fita da ƙarfe 7:30 na safe ta dawo ƙarfe 2:00 na rana. Jaririn da ke tsakanin wata 1 da wata 6 yakan sha kimanin mililita 750 zuwa 800 a yini da dare, wato kusan cikin robar ruwan sha mai santilita 75. Idan aka raba, kowace sa'a ta tashi a kan kimanin mililita 30. Ke nan abin da za ta bar wa mai reno bai wuce mililita 200 zuwa 250 ba, a rarrabe kofi biyu ko uku don kada a yi asara.

Mako biyu kafin fara fita za ta soma tatsa sau ɗaya da asuba, lokacin da nono ya fi cika, don hannunta ya saba, shi ma yaro ya saba da kofi. Ranar aiki za ta shayar bayan sallar asuba, ta tatsi ɗaya ɓangaren, ta sake shayarwa dab da fita. A makaranta za ta tatsa idan an tashi tara, ta sake yi wajen tsakar rana. Da ta dawo sai ta ba yaro nono kafin komai, don haka ake roƙon mai reno kada ta cika masa ciki dab da dawowar uwa. Da dare da ranakun hutu yaro ya sha yadda yake so, domin babu hannu ko na'urar da ta kai jariri iya kwashe nono.

Tatsar nan biyu ta makaranta ita ce ta fi saurin salwanta, kuma yawanci rashin wuri da kunyar tambaya ne sanadi. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 54, ta ba ma'aikaciya mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a rana. Gwamnatin Jihar Kaduna kuma ta mayar da hutun haihuwa na ma'aikatanta wata 6 a 2019. Shugaban makaranta ba ya buƙatar gina komai. Ɗaki mai ƙofa da labule, da kujera, da butar ruwa da sabulu sun wadatar, in dai ba makewayi ba ne. Mai tsara jadawalin darussa kuma yana iya barin wa mai goyo gurbi a tsakiyar yini ba tare da an tauye kowa ba.

6.8 Idan Nono ya Ja Baya

Kafin a ce nono ya ragu, a duba yaro tukuna. Jaririn da ke fitsari mai haske sau 6 ko fiye a yini, nauyinsa kuma yana hawa a katin awo, yana samun abin da ya ishe shi. Laushin nono bayan makonnin farko ba alamar ƙafewa ba ce, jiki ne ya daidaita da buƙata. Yawan abin da aka tatsa ma ba ma'auni ba ne, domin yaro yana fitar da fiye da haka.

Idan kuwa raguwar ta tabbata, maganin shi ne ƙara yawan cirewa. Tatsa gajeriya sau da yawa ta fi doguwa sau ɗaya. Uwa ta ƙara zama biyu ko uku a yini, ta dawo da na dare idan ta daina, ta ci gaba da minti biyu bayan ɗigar ƙarshe, ta yawaita rungumar yaro. Galibi akan ga canji cikin kwana 3 zuwa 7. Haɗarin da ya fi kusa shi ne a yi saurin sayo madarar gwangwani ba tare da shawarar ma'aikacin lafiya ba: yaro ya ƙoshi da ita, ya rage tsotsa, nono ya ƙara raguwa, a ƙara madara, har a wayi gari an yaye ɗan wata huɗu ba da niyya ba, ga tsadar gwangwani ta hau kan maigida.

Wasu dalilan kuma ba na tatsa ba ne. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu ɗauke da sinadarin istirojin suna iya rage nono, shi ya sa ba a ba mai shayarwa su a makonni 6 na farko, ba a kuma son su kafin wata 6. Zubar jini mai yawa wajen haihuwa, da ragowar mabiyiya a ciki, da sabon ciki, duk suna iya jawo raguwa, kuma asibiti ne ke gano su. Idan wani sashe na nono ya yi tauri, ya yi ja, yana zafi, uwa ta ci gaba da shayarwa ko tatsa kamar yadda ta saba, kada ta murza wurin da ƙarfi. In zazzaɓi ya shigo, ko ciwon ya kwana bai sassauta ba, ta garzaya asibiti.

Jinga

1. Yi bayanin bambancin aikin furolaktin da na oksitosin, tare da misali daga sana'ar kiwo.
2. Wata malama tana fita ƙarfe 7:00 na safe ta dawo ƙarfe 3:00 na yamma, jaririnta wata 4. Lissafa yawan nonon da za ta bari, ka kuma tsara mata lokutan tatsa.
3. Tattauna da ungozoma ko wata dattijuwa a unguwarku game da abin da ake yi wa mai jego idan nononta ya yi ƙaranci. Rubuta abin da ta faɗa da irin kalmominta, sa'an nan ka ware abin da ya dace da wannan darasi da wanda ya saɓa masa.